Kwatas ɗin Reluwe da Zaurukanmu na Minna

Makon jiya ɗan ƙanwata da ke karatun zanen gine-gine a Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke nan Minna ya zo gaishe ni, sai ya nuna mini hoton wata tsohuwar masana'anta a birnin New York da aka mayar gidan kwana. Ga wurin aiki a ƙasa, ga ɗakin hutawa a sama. Ya ce, "Kawu, abin da ake yayi ke nan yanzu." Ya ƙara da cewa masu zane-zane ne suka fara tarewa a irin waɗannan gine-gine na unguwar SoHo, har hukuma ta halasta musu zama a 1971. Na yi dariya na ce masa, "Yaro, ai a kan irin wannan tsari garin nan da kake taka ƙasarsa ya girma."

Bari in koma baya kaɗan. Minna garin Gwari ne, wato Gbagyi, su ne 'yan ƙasa, mu kuwa zuwa muka yi. Abin da ya jawo kakanninmu shi ne layin dogo. A 1907, zamanin Gwamna Percy Girouard wanda shi kansa injiniyan reluwe ne, aka fara shimfiɗa layi daga Baro a bakin kogin Kwara, ya ratsa ta Minna, ya isa Kano a 1911. Layin da ya taso daga Ikko ta Jebba da Zungeru shi ma ya zo ya haɗe a nan. Da Minna ta zama mahaɗa, dole aka tanadi wurin gyaran kan jirgi, da tankin ruwa, da ma'ajin makamashi, da mutanen da za su kwana kusa, domin jirgin wancan zamani ba ya tashi sai an hura masa wuta sa'o'i kafin lokaci. Direba da mai zuba kwal ba za su zauna nesa ba.

To, a nan ne Bature ya zana abinsa. Tasha da rumfar gyara a tsakiya, gidajen ma'aikata a gefe, sannan kulob da filin wasa inda za a huce gajiya da yamma. Gidan babban ma'aikaci kuwa an yi shi ne don zafin ƙasarmu: rufin kwano mai tsawo, baranda mai faɗi, tagogi suna kallon juna don iska ta ratsa, ɗakin kuku da boyi can baya. Mutum ya tashi daga aiki, taku kaɗan ya kai shi kujerarsa a inuwa.

Sai dai mai karatu, kada kyan zanen ya rufe mana ido. Tsarin nan matsayi yake rabawa. Bature na da unguwarsa, akawu da ƙwararrun ma'aikata, galibi mutanen Kudu, suna da jerin ɗakunansu, lebura kuwa sai ya nemi inda zai kafa bukka. Dokar birane ta Gwamna Lugga ta 1917 ta ƙara ƙarfafa wannan, kuma ƙa'idar zamanin ita ce a bar fili na yadi 440 tsakanin unguwar Turawa da ta baƙar fata, wai saboda sauro. Ashe hutun ma da aka gina a jikin wurin aiki ba na kowa ba ne.

Kakana na cikin waɗanda ke wajen shingen. Daga ƙasar Katsina ya zo, ya yi leburanci a layi, daga baya ya bari ya kama sayen goro da ke zuwa daga Kudu. Shi da ire-irensa ba su jira wani ya zana musu ba, abin da suka sani daga gida shi suka gina a unguwanni irin su Limawa da Kwangila. Zaurenmu na tuna shi sarai. Da safe tela ya kafa kekensa a ƙofa, huhunan goro na jingine a lungu ana yayyafa musu ruwa, fatake da suka sauka daga jirgi suna kwana a shagon da ke gefe, mai gida shi ne dillalinsu kuma shi ne ma'ajinsu. La'asar na yi a share wurin a shimfiɗa tabarma, a ci tuwo tare, a buga dara, yara su yi karatun allo bayan magariba. Iyali kuwa suna ciki, shigifa ta raba su da hayaniyar kasuwa. Wurin aiki ne, masauki ne, kuma majalisa ce, ba a tambayi kowa mukaminsa ba kafin ya zauna.

Abin da ke damuna shi ne, tun da Minna ta zama babban birnin Jihar Neja a 1976, mota ta karɓe hanya, gari ya miƙa zuwa Bosso da Tunga da Chanchaga, mu ma muka sauya gini. Yanzu sai katanga da get, shago yana can kasuwa, gida yana can wata unguwa, baƙo kuma a nuna masa otal. Ni kaina da hannuna na sa aka rushe zauren kakana na fitar da shaguna uku na haya, kuma har yau ina cizon yatsa, don tun ranar dattawan layinmu suka rasa wurin zama.

Saboda haka na roƙi yaron nan, kafin ya kwafo na New York, ya ɗauki ma'auni da kyamara ya zaga tsofaffin gidajen reluwe da 'yan zaurukan da suka rage, ya auna, ya zana, ya tambayi tsofaffi wa ya kwana a ina. Ku ma 'yan'uwa, wanda duk ke da tsohon hoto ko labarin gidansu, ya adana wa 'ya'yansa. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba mu zaman lafiya da masu masaukinmu. Amin.