Daga Maƙera zuwa Walda: Ido da Sana'a a Zangunan Akara

Kalmar zango a asalinta tana nufin wurin da ayarin fatake ke yada kaya su kwana. A ƙasar Gana kuwa, inda ake furta ta Zongo, ta zama sunan unguwannin baƙi Musulmi waɗanda Hausa ce harshen cuɗanyarsu. Fataucin goro ne ya fara kai Hausawa ƙasar Gwanja, kuma da yaƙin basasa ya tarwatsa kasuwar Salaga a 1892, fatake da malamai da masu sana'a da dama suka gangara kudu, har zuwa Akara, wadda mutanen zango ke kira Ankara. A farkon ƙarni na 20 Malam Bako ya kafa Sabon Zongo. Ita kuwa Nima, a 1931 ne Malam Amadu Futa ya sami filinta a hannun mutanen Osu, ta bunƙasa lokacin Yaƙin Duniya na Biyu saboda masu neman aiki a sansanonin soja da ke kusa, daga baya cunkoso ya tumbatsa zuwa Maamobi.

Waɗannan baƙi da sana'o'insu suka zo, kuma kowace sana'a tana da irin harajin da take karɓa daga ido. Maƙeri yana fama da tartsatsi da ɓarɓashin ƙarfe mai tashi daga uwar maƙera. Mahauci da mai tsire suna yini cikin hayaƙi. Maɗinkin babbar riga da malami mai rubutun Alƙur'ani suna ƙure ganinsu a hasken fitilar aci-bal-bal. Sai dai maƙerin da yana da wata kariya da ba a rubuta ba: yaro yakan shekara yana zuga kafin a ba shi guduma, a nan yake koyon inda ake tsayawa da lokacin da ake kau da fuska.

Bayan kammala madatsar ruwa ta Akosombo a 1965, wutar lantarki ta yawaita a birane, sannu a hankali injin walda da injin goge ƙarfe suka shiga lungunan zango. Masu ƙera ƙofofi da tagogi da masu gyaran mota suka kafa rumfuna a bakin titi. Wannan sabuwar wuta ta sha bamban da ta gawayi. Hasken walda yana ɗauke da wani haske mai ƙuna wanda ido ba ya gani, yana ƙona tantanin da ke rufe baƙin ido ba tare da mutum ya ji komai nan take ba. Sai bayan sa'o'i shida zuwa goma sha biyu, galibi cikin dare, idon ya yi ja, ya dinga hawaye kamar an watsa masa yashi. Wannan ƙuna takan warke cikin kwana ɗaya ko biyu, shi ya sa ake raina ta. Wanda ya fi ta muni shi ne ɗan guntun ƙarfe da ke tsalle daga dutsen injin ko bakin guduma, domin yana iya maƙalewa ya bar tsatsa, ko ya huda idon gaba ɗaya. Ruwan batir da jiƙaƙƙen siminti su ma suna cin ido, kuma maganinsu na farko shi ne a yi ta kwarara ruwa mai tsabta na tsawon minti ashirin kafin a garzaya asibiti.

Hukuma ba ta yi shiru ba. Dokar masana'antu da ofisoshi da kantuna ta 1970 ta wajabta samar da tabarau ko garkuwar fuska ga masu aikin da ke barazana ga ido, dokar ƙwadago ta 2003 kuma ta ɗora wa mai ɗaukar ma'aikaci nauyin ba shi kayan kariya kyauta. Amma an tsara dokokin ne da tunanin masana'anta mai rajista da ma'aikaci mai albashi. A zango kuwa yawancin aiki tsakanin maigida ne da yaransa, bisa amanar da iyaye suka damƙa masa, kuma jami'in duba masana'antu ba safai yake leƙa irin wannan rumfa ba. Shi ya sa ake ganin mai walda sanye da baƙin tabarau na kwalliya, wanda duhunsa bai kai na gilashin walda ba, yaron da ke riƙe masa ƙarfe kuwa ido tsirara.

Gana ta taɓa cin nasara a kan makanta. Shirin yaƙi da makantar rafi da aka soma a 1974 ya ba manoman arewa damar komawa gonakinsu na bakin kogi, kuma a 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar ƙasar ta kawar da amosanin ido a matsayin matsalar lafiyar jama'a. Waɗannan cututtuka da feshi da magani da tsabta aka kore su. Raunin sana'a kuwa ba shi da ƙwayar da za a raba gida-gida. Makarinsa yana hannun wanda ya riƙe shi tun zamanin zuga-zugi, wato maigidan da ke koyar da yaro. In ya saba sauke garkuwa a fuskarsa kafin ya kunna wuta, ya kuma saya wa mai riƙe masa ƙarfe tasa, yaron zai tashi da sanin cewa garkuwar tana cikin kayan aiki, daidai da guduma da awartaki.