Tarihin Rudolf Dasek, gwanin kaɗa jita na ƙasar Chek

Rudolf Dasek na ɗaya daga cikin makaɗan da suka ɗaukaka sunan tsohuwar ƙasar Chekoslobakiya a fagen kiɗan jazz, a zamanin da mahukuntan gurguzu ke yi wa wannan kiɗa kallon kayan Amurka.

An haife shi a birnin Prag a ranar 27 ga watan Agustan 1933.

Bai shiga makarantar koyon kiɗa da wuri ba. Sai a shekarar 1962, yana dab da cika shekaru talatin, ya shiga babbar makarantar kiɗa ta Prag, inda ya yi shekaru huɗu yana nazarin jita.

A cikin waɗannan shekaru ne ya fara yin suna, musamman da ya yi wasa da ƙungiyar SHQ ta Karel Velebny, wadda manyan makaɗan jazz da dama na ƙasar suka ratsa ta cikinta.

Zaman Berlin

A ƙarshen shekarun 1960, wato lokacin da dakarun Tarayyar Sobiyet da ƙawayenta suka mamaye ƙasarsa a 1968, Dasek ya yi aiki a gidan kiɗa na Blue Note da ke Berlin ta Yamma.

A can ya yi wasa tare da Lou Bennett, baƙar fatar Amurka mai kaɗa ogan, abin da ya ba shi damar gogayya da masu wannan kiɗa na asali.

Sai dai saɓanin wasu takwarorinsa da suka yi ƙaura, shi ya koma gida.

Kiɗan mutum biyu

A farkon shekarun 1970 ya haɗa gwiwa da Jiri Stivin, mai busa sarewa da saksofon, suka kafa ƙungiyar System Tandem.

Su biyu ne kawai a kan dandamali, babu mai ganga, babu mai piyano. Saboda haka jitar Dasek ce ke riƙe amo da kari gaba ɗaya, yayin da suke ƙirƙirar kiɗan nan take, suna gauraya shi da sautin waƙoƙin gargajiya na ƙasarsu.

Kamfanin JAPO na Jamus ya fitar da faifansu a tsakiyar shekarun 1970, kuma hakan ya sa aka san su a Yammacin Turai.

Daga bisani ya shafe shekaru da dama yana wasa da Toto Blanke, wani Bajamushe mai kaɗa jita, inda suka fitar da faya-fayai tare.

Jazz da siyasa

Dasek ya yi galibin aikinsa ne a cikin yanayi na takura. Ko da yake kamfanin gwamnati na Supraphon ya riƙa buga faya-fayansa, mahukunta ba su taɓa sakin jiki da masu sha'awar jazz ba.

A shekarar 1986 an kama shugabannin Sashen Jazz na ƙungiyar makaɗan ƙasar, kuma a 1987 kotu ta ɗaure shugabansu Karel Srp.

Mulkin gurguzu ya faɗi a 1989, kuma Dasek ya ci gaba da wasa bayan nan.

Ya rasu a Prag a ranar 1 ga watan Fabrairun 2013, yana da shekaru 79. Abokin wasansa Toto Blanke shi ma ya rasu a cikin wannan shekara.