Wa Ya Aiko Wakilin? Tarukan Kafa Gwamnati daga Beijing zuwa Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa

Kusan duk sa'ad da al'amuran Najeriya suka dagule, sai a ji an sake ta da maganar babban taron ƙasa, a zauna a rubuta sabon tsarin mulki. Masu wannan kira ba su rasa hujja ba. Kundin 1999 ya buɗe da ikirarin cewa al'ummar Najeriya ce ta tsara shi, alhali Dokar Soja mai lamba 24 ce ta haife shi a watan Mayun 1999, zamanin Janar Abdussalami Abubakar, bayan kwamitin Mai Shari'a Niki Tobi ya yi 'yan makonni yana sauraron ra'ayoyi. Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne ko taron da kansa zai iya warkar da wannan ciwo. Matsayin wannan maƙala shi ne, taro ba ya samar da iko, domin kafin a zauna ikon yana hannun wani. Iyakar abin da taro zai yi shi ne ya ɗaure mai ikon da sharuɗɗa, kuma ba zai iya ba sai wakilai suna da tushen da ba mai kiran taron ne ya ba su ba. Idan haka ne, a mazaɓa irin ta Faskari, Ƙanƙara da Sabuwa, tambayar wanda zai aika wakili ta riga tambayar abin da wakilin zai faɗa.

Ƙasar Sin ce ta fi ba da misali bayyananne. Daga 21 zuwa 30 ga Satumban 1949, wakilai 662 na Majalisar Ba da Shawara kan Harkokin Siyasa ta Jama'ar Sin suka zauna a birnin da a lokacin ake kira Beiping. A cikin kwana goma suka amince da wata yarjejeniya mai sassa 60 wadda ta tsaya a madadin tsarin mulki, suka zartar da dokar kafa gwamnatin tsakiya, suka mayar wa birnin da sunan Beijing tare da ayyana shi fadar ƙasa, suka zaɓi tuta da take. Suka kuma zaɓi Mao Zedong shugaba da mataimaka shida, uku daga cikinsu, wato Song Qingling da Li Jishen da Zhang Lan, ba 'yan Jam'iyyar Kwaminis ba ne. Ranar 1 ga Oktoba aka shelanta Jamhuriyar Jama'ar Sin. Saurin aikin yana da dalili. Sojojin Kwaminis sun riga sun ƙetare kogin Yangtze a watan Afrilu, sun karɓe Nanjing, sun shiga Shanghai a watan Mayu. Ba a zaɓi wakilan da ƙuri'a ba, kwamitin share fage ne ya tantance sunayensu ta hanyar tuntuɓa, jam'iyyar da ta ci yaƙi kuwa ita ke jan ragamar tuntuɓar. Yarjejeniyar ma ba ta ɓoye wannan giɓi ba, don ta ce majalisar riƙon ƙwarya take yi kafin a sami majalisar da jama'a suka zaɓa.

Ba daidai ba ne a ce zaman wasan kwaikwayo ne kawai. Mao yana bukatar malamai da 'yan kasuwa da tsofaffin hafsoshin Kuomintang, jam'iyyar da aka kayar a yaƙi, don tafiyar da biranen da jam'iyyarsa ba ta saba mulka ba, shi ya sa yarjejeniyar ta yi sassauci ga masu jari na cikin gida, aka kuma ba waɗanda ba 'yan jam'iyya ba ma'aikatu da dama. Amma kujerun nan kyauta ce, kuma wanda ya shimfiɗa maka tabarma shi ke da ikon naɗe ta. Da aka kafa tsarin mulkin 1954, mataimakin shugaban ƙasa ya koma mutum ɗaya, Zhu De, mataimakan Firayim Minista Zhou Enlai kuma duk 'yan jam'iyya. A 1957 aka yi wa Zhang Bojun da Luo Longji, ministoci kuma jagororin Ƙawancen Dimokuraɗiyya, tambarin 'yan ra'ayin riƙau, daga baya aka tuɓe su, ba wata mazaɓa ko rundunar magoya baya da za ta tsaya musu.

A shekarar nan ta 1949, Najeriya ma tana cikin nata shirin. Gwamna John Macpherson ya sa a tattauna gyaran tsarin mulki tun daga ƙauye zuwa gunduma, zuwa lardi, zuwa jiha, kafin babban taron Ibadan na Janairun 1950. A takarda, wannan ya fi na Beijing kusantar talaka. A aikace kuwa, manomin kudancin Katsina a gaban dagacinsa da hakiminsa ake neman ra'ayinsa, kuma kowa ya san iyakar abin da talaka ke furtawa a irin wannan zama a wancan zamani. Ba banza ba aka kafa NEPU a Kano cikin Agustan 1950. Duk da haka taron Ibadan ya nuna amfanin tushe. Sarkin Zazzau Ja'afaru, da goyon bayan Sarkin Katsina Usman Nagogo, ya ce muddin ba a ba Arewa rabin kujerun majalisar tsakiya ba, za ta nemi a raba ta da Kudu. Aka kuwa ba ta kujeru 68 cikin 136. Turawa sun saurara ne domin En'e ke karɓar haraji da jangali, ita ke riƙe da alƙalai da 'yan doka, kuma in babu ita mulkin Arewa ba zai tafi ba. Tushen na gaske ne, sai dai a fada yake.

Mafi kusa da abin da ake nema shi ne shirin da Janar Murtala Muhammad ya fara a Oktoban 1975. Kwamitin mutum 49 ƙarƙashin Rotimi Williams ya rubuta daftari, inda ɗan Katsina Dakta Yusufu Bala Usman da Dakta Segun Osoba suka fitar da nasu rahoton na marasa rinjaye, aka yi watsi da shi. A tsakani aka yi garambawul na ƙananan hukumomi na 1976, wanda Shehu Musa 'Yar'aduwa ya kasance kan gaba wajen aiwatarwa, sannan majalisun ƙananan hukumomin suka zaɓi mafi yawan wakilan Majalisar Tsara Tsarin Mulki a Agustan 1977. A lokacin ƙasar Katsina tana cikin Jihar Kaduna, muryar yankin da muke magana a kai kuma ta manyan ƙananan hukumomi irin su Funtuwa da Malumfashi ta bi. Zaɓen ba kai tsaye ba ne, wasu kansilolin ma naɗa su aka yi. Amma wakilin ya san ba Dodan Barracks, fadar mulkin soja, ce ta ɗauko shi ba, kuma an ga alamar haka a Afrilun 1978, lokacin da wakilai Musulmi da dama suka fice daga zauren kan batun Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta tarayya, har sai da Janar Obasanjo, wanda ya gaji Murtala, ya sa baki. Ko mutum yana ganin ficewar daidai ce ko kuskure, mutanen da aka gayyata don cika kujera ba su yin haka. Sojoji dai sun riƙe kalmar ƙarshe, suka cusa Dokar Amfani da Filaye da ta hidimar ƙasa da ta hukumar tsaro cikin kundin 1979, ga su nan har yau a sashe na 315 na kundin 1999. Sai dai ginshiƙan da majalisar ta amince da su, wato tsarin shugaba mai cikakken iko da rabon muƙamai bisa la'akari da sassan ƙasa, sun tsallake juyin mulkin 1983, kundin 1999 ma kusan kwafinsu ne.

Za a iya cewa misalin Sin ya rushe wannan hujja, tunda gwamnatin da wakilan da ba a zaɓa ba suka kafa ta haura shekara saba'in, ta kuma fitar da ɗaruruwan miliyoyin mutane daga talauci, yayin da Jamhuriya ta Biyu ta Najeriya ta faɗi cikin shekara huɗu da wata uku. Suka ce mai nauyi, amma ta cakuɗa abu biyu. Ɗorewar gwamnatin Sin ba daga taron ta fito ba. Ta fito ne daga jam'iyya da soja da suka riga suka shiga ƙauyuka, da kuma dokar rabon gonaki ta Yunin 1950, wadda ta ba matalautan manoma fili, tare da zubar da jinin masu gonaki da yawa. Abin da ake tambayar taro shi ne ko ya ɗaure mai mulki, a nan kuwa ya gaza. Lokacin da manufar Babban Tsalle ta jefa ƙauyuka cikin yunwa tsakanin 1959 da 1961, ba a sami wata majalisa da za ta ce a dakata ba. Ministan Tsaro Peng Dehuai da ya yi magana a taron Lushan na 1959 rasa muƙaminsa ya yi. Ƙiyasin masana na waɗanda suka mutu ya kama daga miliyan 15 zuwa fiye da miliyan 30. Wanda ke sha'awar a kwaikwayi saurin Beijing ya kamata ya sa wannan a lissafinsa.

Suka ta biyu daga maƙwabta take zuwa. A Yamai, daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamban 1991, taron ƙasa ƙarƙashin Farfesa André Salifou ya ayyana kansa mai cikakken iko, ya rage wa shugaban ƙasa Janar Ali Saibou fiffike, ya naɗa Amadou Cheiffou Firayim Ministan riƙon ƙwarya. Ashe ke nan taro na iya ƙwace iko? Idan aka duba abin da ya gabata, sai a ga ikon ya riga ya suɓuce. Tun bayan harbin ɗalibai a Gadar Kennedy ranar 9 ga Fabrairun 1990, ƙungiyar ƙwadago da ta ɗalibai suka nuna suna iya tsayar da ƙasar cak da yajin aiki, baitulmali kuma ya bushe. Wakilan nan sun shiga zauren da ƙarfinsu, wanda shi ne ainihin abin da ake faɗa a nan. Rauninsu kuma shi ne ƙarfin na birni ne, manoman Maraɗi da Damagaram ba su da murya daidai yawansu, soja kuma bai shiga yarjejeniyar da zuciya ɗaya ba. A 27 ga Janairun 1996 Kanar Ibrahim Ba'are Mainasara ya kifar da zaɓaɓɓen shugaba Mahamane Ousmane. A Najeriya, taron Janar Abacha na 1994 zuwa 1995 ya nuna ɗaya fuskar: Shehu 'Yar'aduwa, wanda ya shiga da jama'arsa, ya sa aka yanke wa soja wa'adin Janairun 1996, sai aka kama shi a Maris 1995, ya rasu a kurkukun Abakaliki a Disamban 1997. Taron 2014 na wakilai 492, waɗanda naɗa su aka yi, bai tsorata kowa ba, rahotonsa kuma yana nan a ajiye.

To, da za a kira taro gobe, wa zai aiko wakilin Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa? Idan ta ƙananan hukumomi za a bi kamar 1977, tsanin ya ruɓe. A 2015 gwamnatin Jihar Katsina ta rushe zaɓaɓɓun majalisun ƙananan hukumomi, Kotun Ƙoli ta ce hakan haramun ne sai a Mayun 2021, bayan wa'adinsu ya daɗe da ƙarewa. A zaɓen Fabrairun 2025 jam'iyya mai mulki ta lashe shugabancin dukan 34, kamar yadda ake gani a kusan kowace jiha ko wace jam'iyya ce ke riƙe da ita. Wakilin da irin waɗannan kansiloli suka zaɓa, wakilin gwamna ne. Idan kuma zaɓen kai tsaye za a yi, sai a tuna a yankin ne aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a Disamban 2020, yana kuma cikin ƙananan hukumomi 13 da aka katse wa layukan waya a Satumban 2021, ga ƙauyuka da mutanensu suka watse zuwa Funtuwa da Katsina da Zariya. Mutumin da rumfar zaɓensa ta zama kufai, a ina zai jefa ƙuri'a? Akwai ma abin da ya fi wannan ɗaci. Zaman sulhun da aka yi a 2025 a wasu ƙananan hukumomin jihar, har da Faskari, inda 'yan bindiga suka zo rataye da makamansu, shi ma taro ne na tsara wanda zai yi iko da hanya da gona da kasuwa. Shugabannin al'umma da suka zauna sun yi ne don ceton rai, kuma ba za a zarge su ba, amma sharuɗɗan irin wannan zama suna rayuwa ne gwargwadon yardar mai riƙe da bindigar.

Suka ta ƙarshe ita ce maganar ta zama zagaye: ba za a gyara ƙananan hukumomi ba sai an gyara tsarin mulki, majalisun jihohi kuwa sun riga sun ƙi ba da rinjayen 24 cikin 36 da sashe na 9 ke bukata ga ƙudurin 'yancin ƙananan hukumomi a zagayen gyaran da aka kammala a 2023. Gaskiya ne. Sai dai rahoton kowane taron ƙasa ma ta wannan ƙofa zai bi, domin kundin bai tanadi ƙuri'ar raba gardama don karɓar sabon tsarin mulki ba, gwamnonin da suka toshe ƙaramin gyara kuma ba za su buɗe wa babba ba. Kuma ba komai ne ke jiran gyaran kundi ba. Sashe na 7 ya riga ya wajabta zaɓaɓɓun majalisu, hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024 ya haramta kantomomin riƙo ya kuma ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Abin da ya rage shi ne aiwatar da hukuncin, da raba hukumar zaɓe ta jiha da aljihun gwamna, da tanadar wa 'yan gudun hijira hanyar yin zaɓe da sunan mazaɓunsu na asali, kamar yadda INEC ta yi wa na Borno tun 2015.