Tarihin Kalmomin Nisa da Dogon Lokaci a Turanci

Tsofaffin kalmomin da Turanci yake faɗin nisa da tsawon lokaci da su, yawancinsu daga aikin ƙarfi suka fito: takun soja, huɗar shanu, da lissafin kwana. Sai da ilimi ya hango abin da ya wuce idon manomi sannan aka ƙara aro daga Latin da Girkanci.

Mile, wadda ta zama mil a bakinmu, Rumawa ne suka kai ta Birtaniya. Asalinta mille passus, wato taku dubu. Taku ɗaya a wurinsu shi ne daga inda ƙafa ta tashi zuwa inda ita wannan ƙafar ta sake sauka, don haka mil ɗinsu ya kai kusan mita 1,480. Sukan kafa dutse a bakin hanya duk inda mil ya cika.

Su kuwa manoman Ingila suna da nasu awon, furlong, wato tsawon kunya. Iyakar abin da shanun huɗa za su ja garma ke nan kafin a juya su ko a bar su su sarara, yadi 220. Da shi ake yanka gona: eka ɗaya furlong ɗaya ce a tsawo, yadi 22 a faɗi, gwargwadon huɗar yini guda. Matsalar ita ce awon hanya da awon gona sun ƙi haɗuwa cif. A 1593, zamanin Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya, majalisar dokoki ta yanke cewa mil furlong takwas ne, ƙafa 5,280, maimakon 5,000 na tsarin Rumawa. Hukuncin ya yi ma'ana, domin ƙara wa hanya tsawo a takarda ba ya tayar da rigima, amma taɓa iyakar gona da abin da ake biya a kanta yana iya hana gari barci. A 1959 ƙasashen da ke amfani da shi suka tsayar da mil a mita 1,609.344. Furlong yanzu sai a filin sukuwa. Mil kuwa mulkin mallaka ya kawo shi Najeriya, kuma ko da aka koma kilomita sunansa ya zauna a Mil Tara ta Kano da kasuwar Mile 12 ta Legas.

League ta kusa ɓacewa. Kimanin mil uku ce, tafiyar awa guda a ƙasa.

A ɓangaren lokaci, fortnight ta fi ban sha'awa. Dunƙulen "dare goma sha huɗu" ce, wato mako biyu, kuma tana da ƙanwa, sennight, dare bakwai, wadda ta mutu. Marubucin Rum Tacitus ya rubuta tun wajen shekara ta 98 miladiyya cewa ƙabilun Jamus da dare suke ƙirga lokaci. Bahaushe mai cewa "kwana bakwai" ba zai ga baƙon abu a nan ba.

Century, ƙarni, asalinta rukunin ɗari ne na sojan Rum, sai a ƙarni na 17 ta tsaya a kan shekara ɗari. Aeon ta Girkanci da farko tsawon rayuwar mutum take nufi. Yau masana tarihin ƙasa suna kiran zango mafi girma da ita, kuma wanda muke ciki ya faro kimanin shekara miliyan 539 da suka wuce.

A light-year, tafiyar haske ta shekara guda, lokaci ne ya zama ma'aunin nisa: kusan kilomita tiriliyan 9.46. Da yawa sukan ɗauka lokaci take nufi saboda "shekarar" da ke ciki. A 1838 Bajamushe Friedrich Bessel ya auna nisan tauraron 61 Cygni, ya ce haskensa na yin shekara goma da ɗoriya kafin ya iso. Awon zamani ya gyara adadin zuwa sama da shekara 11.