Yadda Nozul Ya Shigo Garejinmu

Lokacin da aka kai ni koyon kanikanci a Kankiya, kunne shi ne babban kayan aiki. Maigidana kan zauna a bakin titin Kano zuwa Katsina, mota na tahowa daga wajen Gidan Mutum Ɗaya, tun ba ta tsaya ba sai ya ce, "Kai yaro, ɗauko sukudireba, wannan kafiretarta ta sha ƙura." Sau tari kuwa hakan take. Motocin zamanin kusan duk 'yan ɗaki ɗaya ne: Peugeot, wadda muke kira Fijo, 404 a-kori-kura da 504 da 505 ta manya, waɗanda ake haɗawa a Kakuri ta Kaduna, inda kamfanin ya soma aiki a 1975. Wanda ya iya ɗaya ya iya sauran.

Kafireta ba ta da ɓoyayyen hali. Ka kwance ta a faranti, ka wanke da fetur, ka busa jet da bakinka, ka mayar, ka murɗa sukurun iska har inji ya daidaita numfashi. Famfon mai yana jikin inji, kwantak da kwandansa suna cikin distiribita, duk ido na ganinsu. Direban da ya kwana biyu a hanyar Ingawa ko ta Dutsin-Ma shi ma rabin bakanike ne.

Ba wai ba a san nozul, wato bakin da ke fesa wa inji mai, a ƙasar nan ba kafin ya shigo motocin fetur. Masu gyaran injin gas sun san shi tun muna goye. Injin niƙa na Lister, da tarakta Massey Ferguson, da Steyr ta Bauchi, da babbar motar nan Mercedes 911, duk da nozul suke shan mai. Akwai wani dattijo da muke kai wa irin wannan aiki. Yakan ɗaura nozul a wani famfon hannu mai agogo, ya danna, ya zuba wa feshin ido. In ya fita kamar hazo, lafiya. In ya yi tsartuwa ko ɗiga, sai ya girgiza kai. Ba ya bari yaro ya taɓa masa kaya da hannu mai ƙasa, mu kuwa muna yi masa dariya, muna cewa ya mayar da gareji asibiti. Ashe darasin da za mu nema nan gaba ne yake yi a gabanmu kyauta.

Abin da ya sauya mana sana'a daga aljihun mutane ya fara. Bayan tsarin tsuke bakin aljihu na gwamnatin Babangida a 1986, naira ta faɗi, sabuwar Fijo ta fi ƙarfin ma'aikaci da ɗan kasuwa. Sai aka koma ga motocin hannu na Turai, 'yan Kwatano ko 'yan Baljiyam, da yawansu ta Maraɗi da Jibiya suke shigowa. Su kuwa Turawa, dokar hayaƙin da suka kafa a farkon shekarun 1990 ta riga ta kori kafireta daga sababbin motocinsu. Saboda haka da tsofaffinsu suka fara iso mu, Golf 3 da Opel Vectra da Carina E da sauransu, sai muka buɗe bonet muka tarar da baƙin da ba mu jin yarensu: wayoyi, da na'urorin auna iska da zafi, da wani akwati da ake kira birenbos, wato ƙwaƙwalwar mota.

Golf 3 ce ta fi ba mu labari, domin ita ta mamaye tasha. Yawancin masu inji 1.8 nozul ɗaya tak gare su, yana zaune a saman maƙogwaron inji, a daidai mazaunin kafireta, har kama suke yi. Wannan kama ita ta ja mu. Da mota ta fara shaƙewa ko ta ƙi tashi da safe, sai mu ce wa mai ita, "Alhaji, injekta ba ta ƙasarmu ba ce, a mayar da ita kafireta ka huta." A cire nozul da mazauninsa, a ɗora kafiretar Golf 2 ko wata 'yar Japan, a sauya distiribita, a rage ƙarfin famfo, a naɗe wayoyin da salatif a tura su lungu. Ni kaina ban san adadin waɗanda na yi wa haka ba, kuma a lokacin gwaninta muke ɗaukarsa.

Sai daga baya na gane nozul ba shi da laifi a mafi yawansu. Ramin da yake fesa mai ya fi bakin allura ƙanƙanta, a bayansa kuma akwai wata 'yar rariya. Man da muke ba shi fa? Na jarkar 'yan bumburutu, wanda aka tace da tsumma in an ga dama, ya bi ta tankin da ya yi tsatsa, ga matacin mai da ba a taɓa sauyawa ba tun daga Turai. Sannan famfon waɗannan motoci a cikin tanki yake, fetur ɗin ne ke sanyaya shi. Direban haya da ke sayen lita uku ya yi lodin Caranci ranar Lahadi, ya dawo ya ƙara uku, kullum famfonsa a zafi yake, yana zuƙar laka daga gindin tanki. In famfo ya gaji, mai ba ya zuwa da ƙarfi, nozul ba ya feshi, mu kuma mu kama nozul da duka.

Da motoci masu nozul huɗu suka yawaita, juyarwa ta yi wuya, dole muka koyi canjin nozul. Nan ma da ka muka fara. Wata rana wani Alhaji daga Kusada ya kawo motarsa tana rawa a silo. Na aika Ƙofar Ruwa a Kano aka kawo mini nozul huɗu 'yan Baljiyam, tsawo ɗaya, soket ɗaya, suka zauna daram. Bayan kwana uku sai ga shi ya dawo, salansa na aman baƙin hayaƙi.

"Malam, wai mota ka gyara mini ko rijiya ka haƙa a tankin?"

"Alhaji, a yi haƙuri, bari a duba."

Fulogi huɗu duk sun yi baƙi ƙirin. Wani yaro ɗan rewaya da ke maƙwabtaka da mu, wanda a haife na haife shi, shi ya ɗauki tsohon da sabon ya goge jikinsu ya ce, "Baba, lambarsu ba ɗaya ba ce. Wannan na babban inji ne." Birenbos lokaci kawai take ƙidaya wa nozul, ta buɗe shi ta rufe. Ba ta san an sa mata mai faɗin baki ba, sai ya riƙa zuba fiye da abin da ta yi lissafi. Ranar ya nuna mini yadda ake ɗora mita a kan nozul: yawancinsu suna ba da om 12 zuwa 16, wasu kuwa 2 zuwa 4, kuma in ka sa na biyun a gurbin na farkon kana iya ƙona birenbos ɗin gaba ɗaya. Tsofaffin nozul ɗin Alhaji kuwa wanki kawai suke so. Ɗaya ne ya toshe.

Tun daga nan na kama ƙa'ida. Kafin in ce a sayo, sai in ɗauke nozul ɗin silindar da nake zargi in musanya shi da na maƙwabciyarta. In ciwon ya bi shi, shi ne. In ya tsaya inda yake, sai in koma kan fulogi da koyil da waya. Ba na kwance layin mai sai na cire fiyus ɗin famfo na bar inji ya mutu da kansa, domin man da ke ciki yana da ƙarfin da zai watsu a fuska ko a kan zazzafan ƙarfe. Robar bakin nozul kuwa sabuwa nake sawa, in shafa mata ɗan baƙin mai. Na ga motar da ta ƙone ƙurmus saboda wannan 'yar roba.

Yanzu yara da na'urar kwamfuta suke yawo, su soka a ƙarƙashin sitiyari su karanta ciwo a waya. Mai kuwa bai daina ba mu aiki ba. A Fabrairun 2022 hukuma da kanta ta amsa cewa an shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol daga Antwerp ta Baljiyam. Mota 'yar Baljiyam, gurɓataccen mai ma ɗan Baljiyam! Mu nan ƙarancin da ya biyo baya ne ya fi taɓa mu, kowa ya koma jarka, nozul suka riƙa toshewa.

Sai ranar 29 ga Mayun 2023 aka janye tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 a farashin gwamnati zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki. Direbobin da muka juya wa Golf suka fara lissafi, suka ga abokansu da suka bar injekta suna zuwa Katsina su dawo da ragowar mai. Wani da na yi wa aikin da hannuna ya zo ya tsuguna a gabana ya ce, "Oga, kayan nan da ka cire mini, suna nan?" Na tashi muka zagaya bayan gareji tare, muka tona tarin ƙarafa har la'asar. Soket ɗaya muka samu da guntun waya. Sauran tuni 'yan gwangwan sun auna su a kilo.