Sandika da tilas: daga Dokar 1952 zuwa tashar Gaya

Tun da Faransa ta kafa dokar aiki ta ƙasashen da take mallaka, ranar 15 ga Disamba 1952, ma'aikacin Nijar ya sami 'yancin shiga ƙungiyar ƙwadago, wadda muke kira sandika, ko ya ƙi shiga. A takarda ke nan. Bayan samun mulkin kai, gwamnatin Jori Hamani ta tattara ƙungiyoyi a ƙarƙashin uwa ɗaya, UNTN, mai bin jam'iyyar PPN-RDA. Ita ce ta zama USTN a zamanin Seyni Kunce. Ba a tilasta wa kowa yankar kati ba, amma ƙofa ɗaya ce tak. Sai da aka kafa CNT a 1996, sannan CDTN a 2001, zaɓi ya samu.

Maƙwabtanmu na Kamba, a Nijeriya, wata hanya suka gani. A 1978 gwamnatin soja ta Obasanjo ta narkar da ɗaruruwan ƙungiyoyi ta mayar da su 42, ta ɗora NLC a kansu, ta wajabta wa mai kamfani cire kuɗin ƙungiya daga albashi. Hujjar ita ce: wanda ya ci moriyar ƙarin albashi, dole ya biya kuɗin gwagwarmaya. Abin mamaki, Obasanjon nan ne, sanye da farar hula, ya sa hannu a gyaran 2005 da ya ce shiga ganin dama ne, bayan yaje-yajen aikin farashin mai sun dame shi.

A ganina, tilas na ainihi a Gaya ba a ofis yake ba, a tasha yake. Shekaru da dama kayan Nijar daga tashar ruwan Kwatano suna ƙetarowa ta gadar Malanbil, kuma yarjejeniya ta ba motocin Nijar kashi biyu cikin uku na dakonsu. Sandikar masu motoci ke riƙe da layi: wanda ba ya ciki, da wuya ya sami lodi. Ɗan kasuwa ya ce kayansa ne, shi ya kamata ya zaɓi motar da ya amince da ita. Mai mota ɗaya tsohuwa ya ce in babu layi, manya za su cinye shi. Kowannensu na da gaskiya, sai dai ba wata doka ta aiki da ta raba gardamar, domin mai mota ba ɗan albashi ba ne, yaron mota kuwa ba wanda ya tambaye shi.

Rufe gadar bayan juyin mulkin Yuli 2023 ya tsayar da layin kansa, da 'yan ciki da 'yan waje.