Bonanza: Ranar da 'Yan Uba Uku Suka Yi Takarar Budurwa

A 1962 aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, a shekarar ce kuma gidan talabijin na Kaduna ya fara aiki. Akwatin talabijin a Zariya a lokacin sai gidan wane da wane: malaman jami'a, manyan ma'aikatan jirgin ƙasa da attajiran Sabon Gari. A unguwa irin Muciya, gidan da ya mallaki akwati shi ke zama matattarar yara da maraice, wasu a kan tabarma, wasu suna leƙe ta taga. Tashoshin Nijeriya na cike gurbi da finafinan kaboyi na Amurka, kuma cikin waɗanda suka yi tashe akwai Bonanza.

Tashar NBC ta Amurka ce ta fara nuna shirin a 1959, ya ci gaba har 1973. Labarin wani dattijo ne, Ben Cartwright, mai katafariyar gonar kiwo da ake kira Ponderosa kusa da garin Virginia City a jihar Nebada. Lorne Greene ne ya fito a matsayinsa. Ya auri mata uku, duk sun rasu, kowace ta bar masa ɗa guda: Adam mai ilimi da natsuwa, Hoss ƙato mai sanyin hali, sai auta Little Joe mai rawar kai. Wato 'yan uba ne, lamarin da Bahaushe ba ya bukatar a yi masa bayaninsa.

A Janairun 1964 aka nuna a Amurka wani kashi mai suna Ponderosa Matador. Wata budurwa, Dolores Tenino, wadda Marianna Hill ta fito a matsayinta, ta sauka a gidan tare da mahaifinta, sai samarin uku suka kamu lokaci guda. Da aka gane tana sha'awar wasan artabu da bijimi irin na Sifaniya, sai neman auren ya koma gwajin jarumta. Makiyayan da suka saba da igiya da doki suka tsunduma cikin sana'ar da ba su gada ba, bijimi kuwa bai san ana neman aure ba. Aka sha dariya, babu kuma wanda ya auri yarinyar a cikinsu.

Duk wanda ya taɓa kallon hawan ƙaho ya san wannan fage. Saurayin mahauci na tunkarar sa, kalangu na tashi, 'yan mata na guɗa, shi kuma ya san idon wa yake nema a cikin taron.

Darajar wannan kashi tana cikin yadda takarar ta ƙare. 'Yan uba uku sun nemi yarinya ɗaya, kowa ya yi wa ɗan'uwansa wayo, amma 'yan ubanci bai shiga tsakaninsu ba. Uban na tsaye a kansu, yana tsawatarwa idan wasa ya so ya wuce gona da iri.

Irin wannan raha mai gyaran hali ce 'yan wasanmu suka ƙware a kai a talabijin ta Kaduna, irin su Kasimu Yero ɗan Zariya da Usman Baba Pategi na Samanja. Masu shirya finafinan soyayya na yau suna da abin koyo a nan: ana iya nuna kishin samari, a ba mutane dariya, a tashi da zumunci a raye.